Ƙullutai a jikin maiɗakina, tabo a jikin ɗana: shin cutar nan tana da magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Maiɗakina shekararta 27. Tun kafin aurenmu tana da tabo-tabo masu duhu a jiki da 'yan ƙullutai kaɗan, amma tun cikinta na biyu suka yi ta fitowa, yanzu har a fuska. Akwai kuma wani kumburi a cinyarta da take da shi tun tana yarinya, watannin nan ya fara yi mata ciwo da dare. Babban ɗanmu mai shekara 5 shi ma yana da irin tabon, ƙanwarsa 'yar wata 8 ba mu ga komai ba. A babban asibiti likita ya ce sunan cutar niyurofaibiromatosis, kuma ba ta da magani. A gida wasu na cewa jifa ne, wasu kuturta, har mahaifiyata ta ware mata kwano. Wani wanzami ya ce zai cire su ɗaya bayan ɗaya. Shin ana ɗauka? Duk 'ya'yanmu za su yi? Ta daina haihuwa ne? Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba maiɗakin naka lafiya, ya raya yaran.

Tambayoyinka duk zan amsa su, amma ka yi mini haƙuri in fara da abin da ba ka tambaya ba. Kumburin nan na cinya da ka ambata a layi ɗaya ka wuce, shi ya fi komai gaggawa cikin duk abin da ka rubuto.

Cutar da likitan ya faɗa muku, wadda a taƙaice muke ce wa NF1, tana fitar da ƙari iri biyu a kan jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Iri na farko su ne waɗanda kowa ke gani: ƙullutai masu laushi a kan fata, wasu a zaune, wasu suna reto. Idan ka danna ɗaya da yatsa sai ya lotsa ciki, ka saki ya dawo. Ba kasafai ake ganinsu ga ƙaramin yaro ba. Da balaga suke fara fitowa, kuma ga mata juna biyu yakan ƙara musu yawa da girma, daidai yadda kuka gani a cikinta na biyu. Suna ɓata fuska, suna ƙaiƙayi, suna sa mutum ya tsargu cikin jama'a, amma ba sa rikiɗewa su zama ciwon daji, ko da sun kai dubu.

Iri na biyu da shi ake haihuwar mutum. Yana bin tsawon jijiya da rassanta can cikin tsoka. Fatar da ke kansa takan yi duhu, wani lokaci da gashi mai kauri, wani lokaci ta saki tana lilo. Idan a ƙafa yake kuma ya yi girma, mutane sukan ɗauka tundurmi ne. Kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu NF1 suna da irinsa, kuma yawancinsu haka za su tsufa da shi ba tare da ya zama wani abu ba. Sai dai shi ne wanda yake iya juyewa. Kimanin mutum 8 zuwa 13 cikin 100 na masu cutar sukan gamu da ciwon daji na kuben jijiya, wato rufin da ke lulluɓe da ita, galibi tsakanin shekara 20 da 40, kuma yawanci daga cikin tsohon kumburi irin wannan yake tasowa. Abin da muke tsoro shi ne a ga kumburin da ya daɗe a kwance ya canza hali: ya fara ciwon da ba ya tafiya, musamman mai tayar da mutum daga barci, ko ya yi girma cikin 'yan watanni, ko wurin da yake da laushi ya yi tauri, ko ƙafar ta fara sanyi, ta mutu, ko ta rinƙa jan ta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tashi tsaye, kuma maiɗakinka tana da na farkon.

Ban ce ciwon daji ne da ita ba. Sau da yawa a bincika a tarar kumburin ne kawai ya danne jijiya, ko jini ya ɗan zuba a cikinsa. Amma hannu ba ya rarrabewa, ko hannun wane likita ne. Ku koma wurin likitan da ya gan ta, ku gaya masa maganar ciwon daren ƙarara, ya ba ku takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Daga Ringim, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ba nisa, akwai kuma na Rasheed Shekoni a Dutse. Abin da za a nema shi ne hoton MRI na cinyar, wato hoton na'ura mai nuna tsoka da jijiyoyin da ke can ciki, idan kuma hoton ya nuna abin zargi a ɗebo ɗan yanki a auna. Hoton yana da tsada, na sani, kuma na san albashin malamin firamare. Amma idan kuɗin da ke hannunka abu ɗaya tak zai iya yi a bana, to wannan ne abin. Kada a jira kaka, kada a jira a yaye yarinya. Irin wannan ciwon dajin, in shi ne, tiyata da wuri ce maganinsa, tun bai yaɗu zuwa huhu ba. Idan ana cire maka kuɗin inshorar lafiya ta JICHMA a albashi, ka tafi da katinka ka tambayi abin da ta ɗauke muku. A asibitocin koyarwa kuma akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, ba abin kunya ba ne a ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Kada kuma a bari kowa ya sa wuƙa a cinyar nan kafin a yi hoto, ko da a asibiti ne. Irin wannan ƙarin yana shiga jijiya ne kamar yadda kauci ke shiga reshen bishiya: ba ka raba su sai ka taɓa reshen. Shi ya sa da wuya a cire shi duka, shi ya sa yakan dawo, shi ya sa kuma likitan tiyata yake auna ko aikin zai bar mutum da shanyayyiyar ƙafa. Ga shi cike da hanyoyin jini masu saurin fashewa da wuyar ɗaurewa. Duk inda za a yi aikinsa sai an tanadi jini tukuna, don haka tun yanzu ka fara tunanin 'yan'uwan da za su bayar.

Wannan ya kawo mu kan wanzami. Ban raina sana'ar wanzanci ba, amma wannan ba aikinsu ba ne. Ƙullutun da ake gani a waje wani lokaci kan wani babba ne da ke ciki, kuma jinin da zai ɓalle ba a tsayar da shi da toka ko tsumma a zaure. Ban da haka akwai ruɓewar rauni, da tsinkau-tsinkau, da ciwon hanta da aska ke ɗaukowa daga wani. Haka sakiya, haka ɗaure ƙullutu da zare har ya bushe, haka shafa masa abu mai ƙuna. A asibiti ma ba ma bin su ɗaya bayan ɗaya, domin ana cire goma wasu goma na kan hanya, kuma baƙar fata tana yawan yin tabo mai tudu wanda ya fi ƙullutun muni. Waɗanda muke cirewa su ne masu takura: wanda ke kan fatar ido yana tare gani, wanda ke daidai maɗaurin zani kullum yana gogewa yana jini, wanda ke tafin ƙafa, ko ɗaya ko biyu a fuska da suka fi damun mai su. Aiki ne ƙarami, da allurar kashe wuri ake yi, a koma gida ranar. Ita za a tambaya wanne ya fi damunta, ba dangi ba.

Ba a ɗaukar NF1. Ba ta kwano, ba ta moɗa, ba ta shimfiɗa, ba ta nono, ba ta gumi. Babu ƙwayar cuta a cikinta da za ta tsallaka zuwa wani. Kai kanka shaida ne: shekara nawa kuna tare, ƙullutu nawa ka yi? Maganar kuturta kuwa da ɗan auduga ake kashe ta. Tabon kuturta yakan fi sauran fata haske, kuma idan mutum ya rufe ido aka shafa masa auduga a wurin ba zai ji ba. Tabon NF1 a jikin baƙar fata ya fi sauran jiki duhu, sumul yake ba ɓawo irin na makero ko kyasbi, kuma ana jin taɓawa a kansa sarai. Kuturtar ma da ake gudu, magani gare ta kyauta a asibitin gwamnati, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta.

Game da jifa, abin da zan iya ba ka shi ne abin da aka sani. Wani likitan Jamus, Friedrich von Recklinghausen, ya bayyana cutar nan dalla-dalla tun 1882. A 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, a kan kuromosom na 17, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki. Aikin wannan ƙwayar shi ne hana ƙwayoyin jiki hayayyafa fiye da kima, musamman na kuben jijiya, idan ta samu tangarɗa sai ƙari ya samu hanya. Kimanin jariri 1 cikin 3,000 ake haifa da ita, a kowace ƙasa, kowace ƙabila, maza da mata daidai. Wato garin da ke da mutum 30,000 ba zai rasa kamar mutum 10 ba, sai dai da yawansu nasu bai fito fili ba, hijabi da babbar riga kuma sun rufa wa wasu asiri. Addu'a kuwa ban taɓa hana majiyyaci ba, ni ma ina yi. Abin da nake hanawa shi ne a sayar da akuya a kai wa mai cewa zai tono abin da aka binne, alhali kuɗin hoton ake nema.

To duk 'ya'yanku za su yi? A'a. Kowane mutum yana da wannan ƙwayar gadon guda biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Maiɗakinka tana da lafiyayya ɗaya da mai tangarɗa ɗaya, kuma ɗaya kawai take bai wa kowane ɗa. Saboda haka kowane ciki rabi da rabi ne, 50 cikin 100, kuma kowane ciki lissafinsa daban. Don na fari ya gada ba ya nufin na biyu ya tsira, ba ya kuma nufin zai gada. Wanda bai gada ba ya fita ke nan, shi da zuriyarsa, ba ta ɓuya ta ɓullo a jika. A nan ta bambanta da sikila, wadda sai uwa da uba sun haɗu a kai. Shi ya sa gwajin jinin da ake yi kafin aure, na AA da AS, ba ya nuna ta, kuma auren zumunci ba shi ke kawo ta ba. Kusan rabin masu NF1 ma iyayensu lafiya lau suke, a kansu tangarɗar ta fara. Idan a gidansu maiɗakinka babu mai irin tabon, kada wani ya ce ai ga shaidar jifa nan, haka cutar take. Wani abin da ya kamata ka sani, tsananinta ba a gadonsa: uwa mai ƙullutai da yawa tana iya haifar ɗan da tabo kawai zai yi har tsufansa, haka kuma akasin haka.

Daina haihuwa hukuncinku ne ku biyu, ba na likita ba, ba kuma na dangi ba. Mata masu NF1 suna haihuwa lafiya. Shawarata dai kada a ɗauki wani cikin sai an gama da maganar cinya, ku je sashen tazarar haihuwa na asibitin da ke kusa. In Allah ya kawo wani cikin daga baya, awo tun da wuri, a riƙa auna hawan jini kowane zuwa, a haihu a asibiti, kuma a faɗa wa ma'aikata sunan cutar tun kafin a zo maganar tiyata ko allurar baya. Ta kuma san cewa wasu ƙullutan za su ƙaru, don kada abin ya zo mata ba zato.

Yanzu yaron. Ka fito da shi tsakar gida da hantsi, ka tuɓe masa riga, ka ƙirga tabon da faɗinsu ya wuce milimita 5, wato rabin santimita a rular ajinku. Ka ɗaga hannunsa ka duba hammata da matsematsi, ko akwai ɗigo-ɗigo ƙanana masu duhu, waɗanda sukan fito tsakanin shekara 3 da 5. Idan manyan tabon sun kai 6, tunda mahaifiyarsa tana da cutar, a ƙa'idar da likitoci suka sabunta a 2021 ya isa a ce yana da ita, ba sai an yi gwajin gado mai tsada ba. Tabon kansu ba sa ciwo, ba sa zama komai, kuma man bilicin ba ya goge su, sai dai ya lalata fatar. Amfaninsu kawai su gaya mana inda za mu sa ido.

Na farko idonsa. Yara 15 zuwa 20 cikin 100 masu NF1 sukan yi ƙari a kan jijiyar gani, mafi yawa kafin shekara 7, wato daidai shekarun ɗanka. Da yawa daga ciki ba sa taɓa gani, ba a ma yi musu komai sai sa ido. Amma wanda ya taɓa, ganin da ya tafi da wuya ya dawo, kuma yaro ɗan shekara 5 ba ya zuwa ya ce Baba ido ɗaya ya daina gani, domin ɗayan yana rufe masa. Saboda haka likitan ido ya duba shi yanzu, sannan duk shekara har ya kai 8 aƙalla. A Kano akwai sashen ido na Aminu Kano da Asibitin Ido na ECWA. Ka ce musu yaron yana da NF1, don su duba har jijiyar, ba su tsaya kan karanta allo ba. Tsakanin zuwa da zuwa, ka mai da shi wasa a gida: rufe masa ido ɗaya da tafin hannunka, ka ce ya ƙirga kajin da ke bakin rumbu, sannan ka sauya. Idan ya yarda a rufe ɗaya amma ya yi ta fizge hannunka in ka rufe ɗayan, ko ido ya fara harara-garke, ko ya turo waje, ko yaron ya fara tuntuɓe da abin da ke gabansa, kada a jira shekara ta zagayo. Haka idan alamun balaga suka fito masa kafin shekara 9, ko ya yi wani irin tsawo farat ɗaya, domin ƙarin da ke wannan wurin yana iya taɓa cibiyar da ke sarrafa girma.

Na biyu ƙashin baya. Kimanin 10 cikin 100 bayansu yakan karkace, kuma nau'in da ya fi saurin lalacewa yana fitowa tsakanin shekara 6 da 10. Duk bayan 'yan watanni ka sa shi ya haɗa ƙafa ya sunkuya kamar mai ruku'u, ka tsaya bayansa ka duba. Idan gefe ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu, sai Asibitin Ƙashi na Dala.

Na uku, wanda ya fi yawa kuma aka fi yin sakaci da shi, karatu. Kusan rabin yara masu NF1 suna samun wahalar koyo. Yawancinsu hankalinsu daidai yake da na kowa, amma rubutu ya ƙi miƙewa, lissafi ya ƙi zama, ba sa iya zama wuri ɗaya, a aike su abu uku su dawo da ɗaya. Kai malami ne, ka san sunan da ake laƙaba wa irin wannan yaron a aji, ka kuma san abin da ke biyo bayan sunan. Bulala ba ta gyara wannan, sai dai ta sa ya tsani allon da littafin gaba ɗaya. A zaunar da shi gaba, a ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a gutsura masa aiki ƙanana, a bar shi ya faɗa da baki abin da hannunsa ya kasa rubutawa. Ka je da kanka ka yi wa malaminsa na allo ko na Islamiyya bayani, malami da malami sun fi jin maganar juna. Da yawansu haddarsu ta ka tana da kyau, a bi ta nan. Kuma a ganina yaro irin wannan ba na turawa karatu wani gari ba ne, inda babu mai lura da idonsa ko bayansa. Ya yi karatunsa a gabanka.

Hawan jini ya shafe su su biyu. A auna uwar da ɗan aƙalla sau ɗaya a shekara, shi da abin awo na yara, domin na manya ba ya ba da lamba daidai a ƙaramin hannu. A NF1 hawan jini yana iya zuwa tun ana yaro, saboda tsukewar hanyar jinin da ke shiga ƙoda, ko saboda wani ƙari a kan ƙodar da ke sa mutum ya riƙa samun bugun zuciya da gumi da ciwon kai lokaci guda, su zo su wuce. Duka biyun ana maganinsu idan an gano. Ita kuma maiɗakinka akwai maganar nono: mata masu NF1 sun fi sauran mata haɗarin ciwon dajin nono kafin shekara 50, shi ya sa a Amurka ake fara yi musu hoton nono daga shekara 30, a Ingila daga 40. Wahalar ita ce fatar nonon ma takan yi ƙullutai, sai mace ta saba ta daina kula. Na fata yana motsi tare da fata, yana da laushi. Wanda aka ji can ciki mai tauri, ko kan nono ya shige, ko jini ya fito, na kai wa likita ne a makon.

Da likita ya ce muku ba ta da magani, abin da yake nufi babu abin da aka sani yau da zai tumɓuke ta daga jiki, tunda a cikin halittar mutum take. Amma an samu ci gaba. A watan Afrilu na 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Koselugo don yara masu irin ƙarin nan na ciki da ba ya ciruwa, a Fabrairun 2025 kuma ta amince da Gomekli don yara da manya. A gwajin Koselugo, kimanin kashi biyu cikin uku na yaran ƙarinsu ya ragu da aƙalla 20 cikin 100, ciwo ma ya sauka. Rage shi suke yi, ba sa kawar da shi, ana shan su tsawon lokaci, suna kawo ƙuraje da gudawa, sai ana duba zuciya da ido, mai ciki ba ta sha, kuma ba don ƙullutan fata aka yi su ba. Kuɗinsu kuwa ya fi ƙarfin kusan kowa a ƙasar nan. Na faɗa maka ne don ka san inda duniya ta kai, don kuma idan ka ga wani a Facebook ko a kasuwa da lasifika yana tallan garin maganin da ke narkar da ƙari cikin sati biyu, ka san abin da manyan kamfanoni da duk kuɗinsu suka iya bai wuce wannan ba.

Na yau da kullum kuwa akwai dabaru. Ƙaiƙayi yakan tsananta da zafin bazara da gumi, da kuma bushewar hunturu. Tufafin auduga masu sakewa, wanka da ruwan da bai yi zafi ba, man kaɗanya tun jiki da danshi, a yanke farce, in ya matsa a karɓi maganin ƙaiƙayi a asibiti. Ciwo mai sauƙi farasitamol ya isa. Ciwon jijiya, mai zuwa kamar ƙuna ko tsira allura, yana da nasa magungunan daban da likita ke rubutawa, ana fara su kaɗan-kaɗan. Abin da nake roƙonka ka tsare ta daga gare shi shi ne haɗin kemis. Taramol yana kama mutum, masu kashe ciwon jiki irin su dikulofenak idan aka daɗe ana sha suna cin ciki da ƙoda su kuma tayar da hawan jini, mafi muni kuma suna danne ciwon da shi ne ke yi mana ƙararrawa. Ka kuma ware littafi guda na ajinku don wannan. Ka ari tef ɗin tela, ka auna kaurin cinyar a wuri ɗaya duk wata, ka sa alama daga gwiwa don kada wurin awon ya sauya, ka rubuta kwanan wata da lamba, ka ɗauki hoto da waya. A nan za ka riƙa rubuta awon hawan jini da abin da likitan ido ya ce. A asibitin koyarwa ba lallai ku ga likita ɗaya sau biyu ba, littafin ne zai ba kowannensu labarin daga farko.

Sauran maganar ta kwano ce, kuma ita ba a asibiti ake maganinta ba. Matan da nake gani da wannan cutar, in ka zauna da su, ba ƙaiƙayi ne kukansu na farko ba. Kukansu biki da suna da suka daina zuwa, da maƙwabciyar da ta janye ɗanta, da mai sayen ƙosai da ta koma wani gidan. Macen da aka ware wa kwano a gidan mijinta tana iya daina faɗin inda ke mata ciwo, kuma a wannan cutar shirun yana da haɗari. Kada ka yi wa Inna gardama a tsakar gida, ba za ka ci riba ba, ita ma tsoro ne ya sa ta, jikokinta take karewa a ganinta. Ka tafi da ita asibiti ranar da za ku koma, ta ji daga bakin likita, ta ga ya kama hannun surukarta ba safar hannu. Kai kuma ka ci gaba da cin girkinta da shan ruwa a moɗarta a gaban kowa ba tare da ka ce komai ba. Idan limaminku mai fahimta ne ka yi masa bayani, maganarsa tana isa inda tawa ba ta isa. Masu ba ka shawarar ka sauwaƙe mata za su zo, in ba su riga sun zo ba. Ka dai tuna cewa ɗanka zai girma da irin jikinta, yana kallon yadda aka yi da ita. Idan kuma ka ga ta daina barci, ta daina cin abinci, tana yawan kuka ko tana cewa gara ta mutu, wannan ciwon damuwa ne, yana yawa ga masu NF1, kuma ana maganinsa.

Jaririyar kuwa, wata 8 ya yi wuri a yanke hukunci. Tabon sukan fito cikin shekara biyun farko, kuma kusan duk wanda ya gada alamunsa sun bayyana kafin ya kai shekara 8. Ku riƙa duba jikinta da rana lokacin wanka. Abin da ya fi muhimmanci a shekarunta shi ne ƙwauri: yara kaɗan masu NF1 ana haifarsu da ƙashin ƙwauri mai rauni, ƙafa ɗaya ta lanƙwasa gaba da waje daga ƙasan gwiwa, ta karye da ɗan abu kaɗan lokacin koyon tafiya, kuma irin wannan karayar ba ta haɗewa da ɗorin gida. Idan kun ga ƙafa ɗaya ta bambanta da 'yar'uwarta, a kai ta Dala tun kafin ta fara tsayuwa, a sa mata takalmin da zai tallafe ƙashin. Idan ta kai shekara 2 ba tabo ko kaɗan, alama ce mai kyau ƙwarai, amma ranar da za a kai wanta wurin likitan ido a tafi da ita, a duba su tare.